Rawar da Kika Yi a Gidan Masombuka

Mamelodi,
6 ga Satumba, 1992

Zuwa ga matata Pheladi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kin isa Sekhukhune lafiya, kin kuma sami Mma da sauƙi. Yaya ƙugun nata, karayar ta fara kamawa? Ki gaishe ta da kyau, ki ce surukinta yana yi mata addu'ar samun lafiya, yana kuma yi wa masu jinyarta addu'ar haƙuri. Ni ma ƙalau nake, in ban da tuwon masarar da nake tuƙa wa kaina, wanda jiya karen maƙwabta ya shinshina, ya ɗago ya dube ni da tausayi.

Ba tuwo ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai maganar da ta tsaya mini a maƙoshi tun Lahadin da ƙungiyarmu ta masu sauraron jaz ta zauna a gidan Bra Velaphi Masombuka, mai motocin hayar nan. Na so in yi miki ita a tasha, sai na gan ki da ƙullin barguna a ka, na ce ba a yi wa mai kaya a ka tambayar da amsarta girgiza kai ce.

Kin tashi rawa, Pheladi.

Kin san al'adarmu kamar yadda na san ta, amma malamin tarihi kika aura, aikinsa ke nan tuna wa mutane abin da suka riga suka sani. Kowane wata mutum ɗaya ke karɓar ƙungiya, ya fito da kayan kiɗansa tsakar gida, ya ɗora faifai. Ba a hira, ba a rawa biyu-biyu. Wanda kiɗa ya taɓa sai ya miƙe shi kaɗai ya shiga fili ya yi rawar da muke kira diga, mu kuma mu zuba masa ido, wanda abin ya burge ya zaro hankici ya goge masa takalmi. Kin kuma san ba mai rawar kaɗai ake girmamawa ba. Duk wanda ya miƙe, shaida ya bayar cewa kiɗan gidan ya isa.

Yaushe rabon da ki ba da wannan shaida a gidana? Tun kafin 'yarmu ta yi aure. Duk sa'ad da zama ya zagayo kanmu, kina can bayan gida wajen tukwane, kina cewa tumbi ba ya dafa kansa. Na yarda. Na ɗauka gwiwa ce ta fara yi miki gardama, har na daina sa rai. Sai ga shi a gidan Masombuka gwiwa ta warke ba tare da an shafa mata komai ba.

Kuma wa? Masombuka! Mutumin da ke zaɓen faifai da launin kwalinsa. Tun da ya bar makaranta bai karanta komai ba sai lambar mota. Sifikokinsa biyu kamar akwatin gawar masu kuɗi, har da sheƙi. Ban ce ba su da ƙara ba, tsawa ma tana da ƙara.

A hanyarmu ta komawa gida kika ce, "Hlabirwa, ka ji yadda farantan ƙarfen mai ganga ke zuba a gidan can? Kamar yayyafi a kan kwano." Kin kira ni da sunan yabona, kamar yadda ake shafa kan yaro kafin a tsira masa allura. Ni ban ji wani yayyafi ba. Na dai ga gwauro mai sarƙar zinariya yana murmushi yana kallon ƙafar matata.

Zaman gidanmu ya faɗo Lahadin ƙarshe ta Oktoba, kin kuma yi alkawari ƙanwarki za ta karɓi jinyar ki zo. To, abu ɗaya nake nema a ranar: ki miƙe a tsakar gidana, a gaban mutanen da suka ga kin miƙe a gidan wani. Na fara shiri. Kullum na taso daga makaranta sai in fito da sifikokin falo tsakar gida in gwada su. Amfilifayata, na'urar nan mai ba sifikoki ƙarfi, ƙarama ce, amma 'yar mutunci ce, na kuma gano in na murɗa ta kusan ƙarshe ana jin ta har shagon kwana.

Shekaranjiya ina cikin gwajin sai ga mutumin naki ya tsaya da mota. Ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Ticha, 'yar akun nan taka tana ƙoƙari fa. Me kake ba ta, gero?" Na ce, "Bra Vela, faifan da aka saurara take ci, ba wanda aka saya don ado ba." Ya yi dariya, ya shigo ba tare da an ce ya shigo ba, ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa ƙananan sifikokin nan na sama masu fitar da siririyar murya, waɗanda masu gyara ke kira tiwita, ke kuma kike kira idanu. Ya ce, "Ka bi da su a hankali." Kin ji mai ba ni shawara.

Ki huta lafiya. Ki riƙa sa rigar sanyi da safe.

Mijinki,
Lesiba

Mamelodi,
20 ga Satumba

Pheladi tawa,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jikin Mma da gajiyarki. Na ji daɗin jin ta fara zama a kujera. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne ta bakin da na ji. Masombuka ne ya tare ni a bakin coci ya ce direbansa mai bin hanyarku ya kai mata sandar dogarawa, wadda marigayiya matarsa ta bari. Mutum ne mai kirki. Na rasa dalilin da ya sa kirkinsa ya san hanyar Sekhukhune kaɗai.

Yanzu ga labari mara daɗi. Idanun sun mutu, duka biyun.

Ranar Talata ina gwaji, na kai ƙarar inda nake so, mai ƙaho yana tsakiyar hawa, sai na ji kamar an tura masa matashi a baki. Sai kuma wani ɗan ƙauri, irin na gashin da ya taɓa kyandir. Na kwance su na kai Marabastad. Mai gyara ya buɗe ɗaya ya nuna mini wata 'yar waya siririya kamar gashin kai, a nannaɗe, ta ƙone ta yi baƙi ƙirin. Ya tambaye ni me ya faru, na ce masa ina da wanda nake zargi.

Amma ni ba na yanke hukunci ba tare da karatu ba. Na tafi ɗakin karatun birni, wanda yanzu suka yarda baƙar fata irinmu su shiga ta ƙofar gaba, na aro wani littafi mai kauri a kan sifikoki. Na kafa kotu a teburin cin abinci, ni ne alƙali, ni ne mai gabatar da ƙara, Masombuka kuma na zaunar da shi a kujerarki ba tare da saninsa ba.

Na fara da yatsa. Littafin ya ce yatsa yana lotsa ƙoƙon tiwita, ya ɓata mata murya, amma ba ya ƙona waya. Na karanta wurin sau biyu ko marubucin zai canza ra'ayi, bai canza ba. Ya ce zare waya ko cusa ta alhali na'ura tana kunne yana aika wata ƙara kwatsam da za ta iya kashe su nan take. Na yi ta tunani ko Masombuka ya zagaya bayan amfilifayar, sai na tuna tumbinsa ba zai wuce tsakaninta da bango ba.

Sai batun makirufo. In aka tsaya da shi a gaban sifika ya yi kukan nan mai tsinka kunne, wai kamar an zuba wa tiwita wuta ne. Nan na tuna shugabanmu Ntate Moloisane bara, da ya tsaya daidai gaban sifikata yana sanar da kuɗin ta'aziyya, abin yana ihu, shi kuma yana ƙara matsawa kusa don ya ji me ke ihun. Amma shekara guda ke nan, kuma tsohon nan ba ya da daɗin zargi. Kana fara jin haushinsa sai ya tambaye ka lafiyar iyali.

Daga nan littafin ya fara rashin kunya. Wai ba babbar amfilifaya ce ta fi kashe tiwita ba, ƙarama ce da aka matsa wa. In ka tilasta mata abin da ya fi ƙarfinta, sai ta daina fitar da murya sumul, ta riƙa yanke kanta tana aikawa da tsakuwa-tsakuwa, kuma duk tsakuwar nan wajen 'yar siririyar wayar take tafiya. Wai sifikar falo in ta fita waje ba bangon da zai dawo mata da muryarta, sai mai ita ya yi ta ƙara wuta yana ganin bai ƙara komai ba. Wai kuma wanda ke murɗa maɓallin siririyar murya har ƙarshe, shi da kansa yake riƙe wa mahauci ƙafar akuya.

A nan na rufe littafin. Marubucin Bature ne, bai san Masombuka ba. In ma hannuna ne ya murɗa, wa ya sa na murɗa? Kotu ta same shi da laifi, ta kuma ɗage zama don alƙali ya ji yunwa.

An sa mini sababbi. Kar ki damu, ranar tana nan.

Ya kuma ce in gaya miki in za ki taho direbansa zai ajiye miki kujerar gaba. Na isar da saƙo, don ni ba mai ɓoye saƙo ba ne. Motar gwamnati dai ta fi faɗi, kuma ba a taɓa jin ta yi wa matar wani murmushi ba.

Naki har kullum,
Lesiba

Mamelodi,
11 ga Oktoba

Pheladi,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Mma da duk mutanen gida. Wasiƙarki ta iso ranar Alhamis. Kafin in zo kanta bari in ba ki labarin abin da ya riga ta isowa.

Sababbin ma sun ƙone. Wannan karon ba wanda ya leƙo, ba wanda ya ƙwanƙwasa. Daga ni sai karen maƙwabta, shi ma da na murɗa maɓalli ya bar unguwar.

Labari ba ya kwana a Mamelodi. Washegari sai ga Masombuka da amfilifayarsa a bayan mota, an naɗe ta da bargo kamar jaririya. Ya ce, "Ticha, bar wahalar da 'yar tsohuwar nan. Ga tawa, ka yi ranarka da ita, ba wanda zai ji a bakina." Na ce, "Bra Vela, a bakinka ba za a ji ba, amma fitilunta ana ganinsu daga Pretoria." Ya ce, "To ka rufa mata zane mana." Na ce, "Ta shaƙe ta mutu a gidana, a ce na kashe maka 'ya?"

Abin haushin, Pheladi, da zuciya ɗaya ya kawo ta. Na duba fuskarsa ina neman mugunta ko ta ƙwayar gero, ban samu ba. Ba abin da ya kai maƙiyi mai kirki gajiyar da mutum. Kuma littafin yana bayansa: da tasa, sifikokina za su yi ƙara ba tare da sun ƙone ba. Na tsaya ina kallonta a bayan motar ina lissafi. In na karɓa kika miƙe, kiɗan wa kika taka? Faifaina ne, tsakar gidana ce, amma ƙarfin nasa ne. Zan zauna ina kallon matata tana rawa da wutar wani, ina kuma yi masa godiya. Na ce ya mayar da ita. Ya girgiza kai ya ce, "Ku masu karatu, ko ruwa aka ba ku sai kun tambayi wa ya haƙa rijiyar."

Sai ga wasiƙarki.

Na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Kin ce, "Ba gwiwa ba ce, Hlabirwa, ba kuma Masombuka ba ne. Kiɗanka ne ke soka mini kunne kamar allura. Shekara da shekaru kana murɗa abin nan sama-sama, ni kuma ina ja da baya, ina ja da baya, har na tsinci kaina wajen tukwane. A gidan can ba abin da ya soke ni, shi ya sa ƙafata ta tuna aikinta." Kin ce kin sha gaya mini in rage, ni kuma in ce kunnen mata ne ba ya son gaskiya. Ban tuna na faɗi haka ba, amma maganar ta yi kama da ni.

Sai kika tambaye ni yaushe rabon da in ji kukan gyare.

Na yi dariya, don na san amsar. Gyare sun ƙare a Mamelodi tun shekarun da aka yi ta fesa maganin ƙwari, har na taɓa yi wa ɗalibaina bayani a kan haka. Da yamma na fita bakin shinge, na sami maƙwabciyarmu tana kwashe shanya, na ce, "Maƙwabciya, kina tuna lokacin da gyare ke kuka a unguwar nan?" Ta saki zane ta dube ni. Ta ce, "Ticha, lafiya? Ga su nan sun cika mana kunne, ko rediyo ba na ji."

Na tsaya a wurin har ta shiga gida. Na kasa kunne iyakar ƙarfina. Na ji motar haya, na ji wata tana kiran ɗanta, na ji jirgin ƙasa daga nesa. Sama da wannan ba komai, fili ne fetal.

Ashe abin da nake ta nema a maɓallin nan ba a cikin akwatin ya ɓace ba. Ina ƙara wa idanun wuta su nuna mini abin da suke ta nunawa tun farko, har suka makance.

Ba zan ce na ji daɗin wasiƙarki ba. Na fi son laifin ya zama na Masombuka, na riga na saba da shi a can. Amma na kai sifikokin an sake sa musu wasu, mai gyara har ya fara tambayata lafiyar iyali. Ba zan kunna su ba sai kin zo. Tun da na sayi kayan nan ban bar kowa ya taɓa maɓallansu ba, har ke da kike goge musu ƙura. Ranar Lahadin ke za ki saita su. Ni zan ɗora faifai kawai, in zauna a kan hannuwana.

Ki taho da man kunne in akwai irinsa a ƙauye. Wasa nake yi. To, rabinsa wasa ne.

Mijinki,
Lesiba

Mamelodi,
28 ga Oktoba

Zuwa ga Pheladi, matata,

Ina fata kin koma lafiya, kin kuma tarar Mma ba ta kori ƙanwarki ba. Ki gaishe su duka. Gidan ya sake yin faɗi, tukunyar tumbin da kika bari kuwa ina bin ta a hankali kamar albashi.

Kin san abin da kika yi ranar Lahadi, amma ba ki san abin da na gani ba, kuma da safen Litinin kina sauri, ni kuma bakina ya yi nauyi.

Da kika sa aka mayar da sifikokin kan baranda, bayansu na jingine da bango, aka jawo kujeru kusa, na zauna a kan hannuwana. Da kika mayar da maɓallin siririyar murya tsakiya, kika tsayar da ƙarar ko rabi ba ta kai ba, nan ma ban tashi daga kansu ba. Na ɗora faifan farko, sai na ji kamar makaɗan suna cikin ɗaki an rufe su da bargo. Masombuka ya ce, "Ticha, an kunna ne, ko ana ɗumama ta?" Ntate Moloisane ya ɗaga sandarsa ya ce, "Velaphi, rufe mana baki, yau kiɗan ba ya ihu, sai an je wurinsa." Tun da nake ban taɓa ganin tsakar gidana ta yi tsit haka ba. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Sau biyu ya tashi da kansa zai nufi maɓallin, kika dube shi, ya koma.

Ba ki je wajen tukwane ba. Na lura da wannan tun kafin komai.

Sai da rana ta karkata, na ɗora tsohon faifan nan mai tsagaggen kwali da muka saya shekarar da muka tare. Ina duban allura ban ɗago ba, sai na ji mutane sun ja numfashi. Na ɗago, ga ki a fili, da baƙin takalminki na coci, kin ɗan karkata kai, hannu ɗaya a baya. Kin yi taku biyu kin tsaya, kin bar kiɗan ya wuce, kin kamo shi a kwana. Ban san lokacin da na cire hulata ba.

Na san kina jira in yi maganar hankici, to bari in yi. Faifan ya kusa ƙarewa, mai gida kuwa ba ya barin allura ta yi ta gurzar fanko, don haka ina tsaye a bakin aikina Masombuka ya riga ni. Ya durƙusa da tumbinsa da sarƙarsa, ya goge miki takalmi da hankicin siliki, har da hura masa iska. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Amma zafin bai kai inda na zata ba, domin akwai wanda ya riga shi shiga.

Akwai wani wuri a tsakiyar faifan inda mai ƙaho ke yin shiru. Ni a wurina, shekaru ke nan, ba abin da ke saura a nan sai babban molon yana tafiya shi kaɗai, ɗum, ɗum, kamar mai komawa gida. Kullum a nan nake miƙa hannu in ƙara wuta. Ranar Lahadi da aka zo wurin, ƙafarki ta tsaya cak, amma kafaɗunki suka kama wani abu. Wani ɗan motsi ne ƙanana-ƙanana, da sauri, kamar tsuntsu na karkaɗe ruwa. Na waiga, na ga duk tsakar gidan suna murmushi lokaci ɗaya. Ntate Moloisane ya lumshe ido. Har Masombuka yana kaɗa yatsa daidai da kafaɗarki.

Mutumin da ke zaɓen faifai da launin kwali ya ji wani abu a faifaina, a gidana, ta sifikokina, ni kuwa da na san sunan kowane makaɗi da shekarar da aka ɗauki kiɗan ina tsaye kamar baƙon da aka yi barkwanci da harshen da bai iya ba. Na samu abin da na roƙa, kin miƙe a tsakar gidana a gaban kowa. Sai dai wanda ya tashe ki yana can cikin faifan, a wani ɗaki na sama da aka daina ba ni mabuɗinsa. Da Masombuka ne, da na san ƙofar gidansa.

Don haka ga roƙona. In kin sami sarari, bayan Mma ta yi barcin rana, ki zauna ki rubuta mini abin da ke wurin nan. Me mai gangar ke yi? Da sanda yake taɓa farantan ko da burushi? A ina yake shiga, a ina yake fita? Ki rubuta a hankali, kar ki tsallake komai, kar kuma ki ji tausayina ki ce ba wani abu ba ne, na ga fuskarki.

In kin dawo gaba ɗaya kuma, na canza wa kujerarki wuri a falo. Ba a gefena take ba yanzu. Tana gabana, ɗan hagu kaɗan, inda zan riƙa ganin kafaɗunki.

Ki gaida Mma. Ki dawo da wuri.

Naki, mai jiran amsa,
Lesiba